Alƙawarin Laraba da Ya Ɓata Tsakanin Litinin da Juma'a

Mutum biyu suka yi alƙawarin ganawa ta intanet. Dukansu sun zo, kowa ya zauna gaban kwamfutarsa da ƙarfe goma daidai, kowa ya jira har ya gaji, kuma kowa yana riƙe da rubutacciyar shaida cewa ɗayan ya amince da ranar. Duk da haka ba su haɗu ba. Ɗaya ta zauna ranar Litinin, ɗaya ya zauna ranar Juma'a, alhali asalin alƙawarin na ranar Laraba ne.

Wanda ya zauna ranar Juma'ar ɗan yayata ne. Ya gama digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, yana neman wata farfesa a wata jami'a ta Ingila ta karɓe shi ya yi digiri na uku a ƙarƙashinta. Duk wanda ya san wannan harka ya san ganawar farko ita ce ƙofa. A nan farfesa ke auna ko ɗalibi ya san abin da yake nema, kuma ko mutum ne da za a iya shekara uku ana aiki da shi. Yayata ce ta kira ni bayan la'asar. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Malam, yaron nan tun da ya dawo masallaci bai sa komai a bakinsa ba. Wai Turawan sun ce ya saɓa alƙawari, shi kuma ya rantse bai saɓa ba. Kai ke koyar da Turanci, zo ka duba mana wa ke da gaskiya."

Na same shi a zaure da kwamfutar a buɗe. Ya ce, "Kawu, wallahi tun tara da rabi nake zaune. Saboda gudun ɗauke wuta ma shagon abokina na je, mai sola. Har sha ɗaya ta wuce ba wanda ya buɗe mini." Da ya ga shiru ya yi yawa sai ya rubuta wa sakatariyar farfesar, wadda ita ke shirya ganawar tun farko. Amsar ta zo nan take, gajeriya, babu faɗa a cikinta kuma babu sakin fuska: "The Professor waited for you on Monday as agreed. She is now away until the end of the month." Wato farfesa ta jira shi ranar Litinin kamar yadda aka yi da shi, yanzu kuma ta yi tafiya sai ƙarshen wata.

Kalmomin nan biyu, "as agreed", su suka fi ƙona masa rai. Yaushe aka yi da shi? Shi bai taɓa rubuta kalmar Litinin ba, su ma ba su taɓa rubuto masa ita ba kafin wannan saƙo. Na sa ya bincika akwatin imel ɗinsa da kalmar, ya duba har ɓangaren da saƙonnin banza ke faɗawa. Babu. Ke nan ba a ɓatar da wani saƙo a hanya ba, duk abin da ya faru yana cikin saƙonni huɗu da ke gabanmu.

Kafin mu karanta su sai da muka sallami waɗanda aka saba tuhuma. Na farko agogo. Nijeriya da Nijar suna gaban Ingila da awa ɗaya a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Turawan Ingila kan ƙara awa ɗaya a agogonsu, sai lokacinmu da nasu ya zama ɗaya. Wannan abu a watan Yuni ya faru, don haka goma a can goma ce a nan. Ko da ma akwai bambanci, awa ɗaya ba ta mayar da Litinin Juma'a. Na biyu tsarin rubuta kwanan wata. Amurkawa kan fara da wata sannan rana, mu da Ingila mu fara da rana sannan wata, har 6/7 ya zama 6 ga Yuli a wajen wani, 7 ga Yuni a wajen wani. Wannan ya sha jefa matafiya cikin wahala. Amma a nan babu hannunsa, domin saƙon farko ya zo da sunan rana da lambarta da sunan wata a rubuce cikakke, kuma dukansu sun yarda Laraba ce. A saƙon da ya canza ranar kuwa babu lamba ko ɗaya ta kwanan wata. Na riƙe wannan a raina.

Ga saƙo na biyu, wanda ya iso ranar Talata ta makon da ya gabaci ganawar: "The Professor has to travel, so we need to move your meeting forward by two days. Same time, same link. Please confirm by Friday."

Na ce ya fassara mini yadda ya fahimta ranar da ya karanta. Bai yi jinkiri ba. "Farfesa za ta yi tafiya, saboda haka an ɗaga ganawar gaba da kwana biyu. Laraba, Alhamis, Juma'a. Ga shi ma sun rubuta Juma'ar da kansu a ƙarshe."

Washegari Asabar muna da darasin ƙarin lokaci a makaranta, sai na rubuta jumlar farko kaɗai a takarda, na zaga da ita ɗakin malamai, ban gaya wa kowa labarin ba. Tambayata ɗaya ce: an sa taro Laraba, sai aka aiko da wannan, wace rana za ka je? Mafi yawa suka ce Juma'a ba tare da tunani ba. Wasu suka ce Litinin, su ma ba tare da tunani ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kowane ɓangare mamakin ɗayan yake yi, har wani malamin lissafi ya ɗauko kalanda yana nuna gaba da yatsa, wata malama kuma tana ce masa ai matsowa da shi aka yi.

Wannan rabuwa ba a ɗakin malamanmu ta fara ba. Masana ilimin tunanin ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan jumla, kusan kalma da kalma, har da Larabar da kwana biyun. A 1998 Matthew McGlone da Jennifer Harding suka gwada ta a kan masu jin Turanci, suka nuna cewa jumlolin da mutum ya karanta dab da ita suna karkata shi zuwa Litinin ko Juma'a. A 2002 Lera Boroditsky da Michael Ramscar suka fitar da ita daga ɗakin gwaji zuwa cikin jama'a a Kalifoniya ta Amurka. Suka tambayi masu bin layin abincin rana, sai suka ga waɗanda suka ci layin suka kusa kaiwa sun fi cewa Juma'a fiye da na ƙarshen layi. Suka je filin jirgin sama, waɗanda suka sauko daga jirgi suka fi cewa Juma'a fiye da waɗanda suka zo tarbar baƙi. 

Bayanin da suka bayar mai sauƙi ne. Mutum na iya jin cewa shi ke tafiya cikin lokaci, ranaku suna tsaye yana riskar su ɗaya bayan ɗaya. A wajensa gaba ita ce inda ya dosa, don haka tura taro gaba nesanta shi ne, Juma'a ke nan. Wani kuma yana jin shi ne a tsaye, ranaku ke tahowa gare shi a jere. A tashar mota, motar da ke gaban layi ita ke fara lodi ta tashi, wadda aka matsar gaba a layin ta rage jira. Ga mai irin wannan tunani ranar da aka kawo gaba za ta riga isowa, Litinin ke nan.

A nan wani abokin aikina ya ce ai magana ta ƙare, Hausa ce ta ja yaron, tun da a wajenmu gaba tana nufin abin da bai zo ba. Muna cewa nan gaba, muna cewa a can baya. Ban karɓi wannan ba, domin Hausa ma da fuska biyu take kallon lokaci. Wanda ya ce gabanin Sallah yana nufin kafin ta, wanda ya ce bayan Sallah yana nufin ta wuce. Magabata su ne waɗanda suka riga mu, 'yan baya kuwa su ne waɗanda ba su ma zo ba. Bahaushe ya san gaban da ke nufin rigaye sarai. Bambancin shi ne idan ya zo canza ranar biki ko zaman sulhu ba ya dogara da gaba da baya, yana da kalmomin da ba su da harshen damo: an ɗage, an jinkirta, an matso da shi. Turancin Ingila ma yana da irinsu. "Bring forward" kullum matsowa ce, "put back" da "put off" da "postpone" kullum ɗagewa ce. Mutanen Indiya har kalma suka ƙera wa matsowar, "prepone", kishiyar "postpone", kuma ta shiga ƙamus. Sakatariyar ta bar duk waɗannan ta ɗauki "move forward", wadda ke hawa kowane ɓangare. Ina kyautata zaton a kunnenta daidai take da "bring forward", shi ya sa ba ta ga wani abin tsoro a cikinta ba.

Da a nan na tsaya da na koma wa yayata da hukunci cewa laifin Baturiya ne. Amma akwai abin da bai zauna mini ba. Yaron nan ba gaggawa gare shi ba. Mutum ne da ke karanta takardar magani kafin ya sha. Jumla mai fuska biyu takan bar ɗan shakku a zuciyar irinsa, ya tambaya. Me ya kashe masa shakkun? Sannan ita sakatariyar ta karanta amsarsa ta ce madalla. Idan shi Juma'a yake nufi kuma ya rubuta Juma'a, me ya hana ta gani?

Na koma kan saƙon na biyu na ja layi ƙarƙashin kalma ɗaya da ta fito sau biyu a cikinsa, "by". Ƙaramar kalma ce daga cikin waɗanda ke zuwa kafin sunan lokaci ko wuri, irin su "at" da "on" da "in", waɗanda ɗalibai ke cike gurbinsu a jarrabawa su wuce. A karo na farko, "by two days", tana auna girman canjin ne, kamar yadda muke cewa an ƙara kuɗin mota da naira ɗari. Ba ta faɗin ko sama aka yi ko ƙasa, kuma yaron ya fahimce ta daidai. A karo na biyu, "confirm by Friday", aikinta daban ne. A Turancin Ingila da Amurka "by" kafin sunan rana ko ƙarfe iyaka take sawa: a ranar ko kafin ta, amma kada a wuce. Sakatariyar na cewa ne ya turo amincewarsa kafin Juma'ar wannan makon ta wuce, domin Litinin na biye da ita. Juma'arta wa'adin amsa ce, kuma ta rigi Larabar zuwa. Juma'arsa ranar ganawa ce, bayan Larabar. Sunan rana ɗaya, mako guda a tsakani.

Da na koma gidan yayata na tambayi yaron, "Da ka ga by Friday, me ya zo ranka?"

Ya ce, "Kawu, ranar Juma'a mana. Ba haka ake rubutawa ba?"

Haka ake rubutawa, a nan. Ɗauko katin ɗaurin aure ko sanarwar taron iyayen yara ko saƙon ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, za ka sha ganin "by 10 a.m." ko "by 4 p.m. prompt", kuma ba wanda ke nufin a zo kafin lokacin. Ana nufin da ƙarfe goma, da ƙarfe huɗu. A Turancin Nijeriya "by" ta daɗe da shiga gonar "at", wani lokaci har ta "on". Yaron ya tashi yana ganin haka a allon sanarwa na makaranta, daga hannun mutanen da suka fi shi ilimi. Da idonsa ya faɗa kan "confirm by Friday" bayan ya riga ya ƙirga Laraba, Alhamis, Juma'a, sai ya karanta ta a matsayin a tabbatar da ranar Juma'a. Lissafinsa da rubutunsu suka yi daidai, shakku ya mutu. Har maganar tafiyar farfesa ta bi sahu: ya ɗauka za ta je wani wuri tsakiyar mako ta dawo. Alhali tafiyar doguwa ce, kuma ita ce dalilin da ya sa dole a gana kafin ta tashi.

Ba na cikin masu ganin Turancin Nijeriya gurɓatacce ne. Harshe ne da miliyoyin mutane ke ciniki da shari'a da karatu da shi, kuma yana da nasa ƙa'idoji. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga cikinsa, har da "okada" da "Kannywood" da "next tomorrow", wadda ke nufin jibi. Wanda ya rubuta "by 4 p.m." a katin biki a Kano ya isar da saƙonsa, kowa zai gane. Matsalar tana tasowa ne ranar da saƙon ya ƙetare teku, domin kalmar ba ta zuwa da wata alama da ke nuna ta canza ma'ana a hanya. Da baƙuwar kalma ce da an buɗe ƙamus. Wannan kuwa kowa na ganin ya san ta tun firamare.

Saura tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi ba ni wuya: me ya sa sakatariyar ba ta kama kuskuren ba? Ga amsar da ya tura mata a ranar Talatar: "Thank you. I confirm. I will be ready by Friday, God willing." Ita kuma ta ce, "Perfect, thank you."

Karanta shi da kunnen yaron: na amince, zan kasance a shirye ranar Juma'a in Allah ya so. Mutum ya faɗi ranar ganawa ɓaro-ɓaro, an ce masa madalla. Wace shaida ake nema bayan wannan? Yanzu karanta shi da kunnen sakatariyar: na amince, kuma kafin Juma'ar nan ta wuce zan gama shiri. Ɗalibi mai himma ke nan, wanda zai kammala shirinsa tun kafin ƙarshen mako don ganawar Litinin. Ita ma wace shaida za ta nema? Kalmar da ta ɓatar da shi a saƙonta ita ce ta rufe mata ido a saƙonsa. Da ya rubuta "See you on Friday", da "on" ɗin nan ta tsaya mata a wuya, domin "on" ba ta da wata ma'ana sai ranar kanta, kuma da ta gyara masa cikin minti ɗaya.

Da na gama shimfiɗa masa wannan sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ke nan ba wanda ya yi ƙarya." Na ce babu. Yayata daga bakin ƙofa ta ce alhamdulillahi, don ita abin da ya dame ta tun farko kada a ɗauki ɗanta mutumin banza, alƙawari kaya ne.

Sai muka zauna rubuta neman wata damar, a nan kuma ƙananan kalmomin suka sake taso mana. Ya fara da "Please can we reschedule the meeting on Thursday". Na tsayar da shi. Wannan jumla na iya nufin ganawar da ke ranar Alhamis ce ake so a canza, ko kuma ranar Alhamis za a zauna a yi maganar canjin. Ba ta cewa a mayar da ganawar Alhamis. Sabuwar rana da "for" ko "to" ake kawo ta. "Reschedule for Thursday" ita ce aka fi ji, domin "for" ita ke bin "schedule" tun asali, kamar yadda saƙonsu na farko ya ce "scheduled for Wednesday". "Move to Thursday" ma daidai ce, kuma idan aka ambaci tsohuwar ranar da "from", to "to" ce abokiyar tafiyarta. 'Yan Nijeriya da yawa sun taɓa jin irin wannan jumla a labarai. A 2015 hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A Turanci "from 14 February to 28 March" ke nan, girman ɗagewar kuma "by six weeks". A 2019 aka sake ɗagewa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, "by one week". Hausa ta raba su tsaf, "zuwa" tana kai ka sabuwar rana, "da" tana auna tazara. Wanda ya riƙe cewa "to" ita ce zuwa, "by" ta awo kuma ita ce da, ya huta da rabin wahalar.

Sannan ga "until", wadda ke cikin saƙonsu na ƙarshe. "Away until the end of the month" na nufin rashin nan nata zai ci gaba har ƙarshen wata, sai a lokacin ya yanke. "Until" tana bin abin da ke ɗorewa, "by" tana bin abin da ake yi sau ɗaya kafin wa'adi. Shi ya sa ake cewa "postponed until July", tun da jiran ne ke ɗorewa, amma "reply by July", tun da amsa sau ɗaya ake ba da ita. Ɗalibaina kan haɗa su domin a Hausa "zuwa" na iya ɗaukar duka biyun, muna cewa zan jira zuwa Juma'a, muna kuma cewa zuwa Juma'a na gama. Akwai kuma "in two weeks", wato nan da mako biyu, da "within two weeks", wato kowane lokaci cikin mako biyun. Majinyacin da likita ya ce ya dawo da ɗaya daga cikinsu ya kamata ya san wacce aka faɗa masa.

Wasiƙar da muka tura ba ta da tsawo. Ya ba da haƙuri, ya bayyana a jumla biyu yadda ya karanta "forward" da "by Friday" ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, sannan ya nemi a sa ganawar da "for", ya rubuta sunan rana da lambarta da sunan wata da haruffa, da "at 10 a.m. UK time". Na nace a kan ya bayyana dalilin, ko da yake shi ya so ya ba da haƙuri kawai ya wuce. Haƙuri babu bayani zai bar su da zaton mantuwa ya yi ko sakaci, kuma wannan zato shi ne zai bi shi cikin ganawar. Ranar Litinin sakatariyar ta amsa. Ta ce da ta sake karanta saƙonta ta ga yadda za a iya fahimtarsa haka, kuma ya kamata a ce ta rubuta kwanan watan. Ta ba shi rana a makon farko na Yuli. A wannan karon ya mayar mata da ranar cikakkiya a amsarsa, ita ma ta maimaita ta. Sun gana, farfesar ta karɓi tsarin bincikensa don ta duba.

Hukuncin da na kai wa yayata shi ne kaso mafi girma na ofishin farfesa ne. Wanda ya canza rana shi ya san sabuwar ranar, kuma rubuta ta bai kai ƙirga kwana biyu wuya ba. Ofishin da ke hulɗa da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban bai kamata ya bar su suna lissafi da yatsu ba. Kason yaron shi ne ya amsa da "I confirm" ba tare da ya faɗi abin da yake tabbatarwa da lamba ba. Akwai kaso na uku, na azuzuwanmu, inda ake koyar da "at" da ƙarfe, "on" da rana, "in" da wata, a tsaya nan, a bar "by" tana yawo a allon sanarwa da ma'anar da ba za ta yi wa ɗalibi aiki a waje ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana malaman Turanci na sakandare, kafin ɗalibanku su fita, ku ware darasi guda ga "by" da "until" da "for" da "to". Ku kawo katin biki na gaske da saƙon ofis na gaske ku ajiye su gefe da gefe, ku gaya musu wanne ke aiki a gida, wanne ke aiki ko'ina. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka turo maka cewa an canza ranar ganin likita ko ta ganawar neman aiki ko ta biza, kada ka amsa da "noted" ko "confirmed" kaɗai. Rubuta musu sunan ranar da lambarta da watan da ƙarfen kamar yadda ka fahimta, ka nemi su ce e.